Carbi ɗaya na numfashi: abin da nake rubutawa tun Janairu

Lahadi, 12 ga Janairu 2025

Na fara wannan rubutu a bayan kayen da nake rubuta awon mutane, don shi ne takardar da ba ta rabuwa da ni. Ni tela ne, shekarata 19 a kan keke. Shagona yana kusa da babbar kasuwar Maraɗi, gidana a Ali Ɗan Sofo, yara huɗu ke koyon aiki a hannuna.

Daren Talatar da ta wuce, wajen ƙarfe biyu, na farka kamar an tashe ni da mari. Gabana na dukan uku-uku, ƙirjina kamar an ɗora mini buhun gero, gumi ya jiƙa mini riga alhali sanyin hunturu ake yi. Na yi salati na zauna bakin gado. Uwargida ta farka ta riƙe ni, ta ce, “Malam, hannunka kamar ƙanƙara.” Wallahi a lokacin na ɗauka ajali ne. Bayan kamar minti ashirin abin ya lafa da kansa. Karo na uku ke nan cikin wata biyu, na baya biyun ban gaya wa kowa ba.

Da safe ta matsa sai na je likita. Majo, babban ma'aikacin jinya na wurin, ya auna tansiyo, wato hawan jini, ya saurari ƙirji, aka ɗebi jini aka duba zazzaɓin cizon sauro da ƙarancin jini, aka tura ni awon zuciya da na'ura. Ranar Juma'a na koma da takardu. Ya ce ba a ga ciwon zuciya ba, tansiyo ya ɗan hau amma bai kai na magani ba. Sai ya ajiye alƙalami ya dube ni. “Me ke cin ranka?”

Abin da ke cin raina ba ɓoyayye ba ne. A tsakiyar 2023 na karɓi injin aiki na zamani bashi, da lissafin ɗinkin Sallah biyu zai biya shi. Ban yi wata biyu da kafa shi ba aka yi juyin mulkin 26 ga Yuli, aka rufe iyaka da Najeriya. Zare da yadin da muke samu daga Kano ta Jibiya da Ɗan Isa suka yi tsada, masu kawo ɗinki suka ja baya, don wanda ke neman na hatsi ba ya tunanin wuyan riga. An buɗe iyaka a watan Maris na 2024, amma ramin bai cike ba. Har yau jika 380, wato sefa dubu 380, ke kaina.

Majo ya ce akwai abin da zai koya mini wanda ba a saye da ko dala. Baligi a zaune yakan yi numfashi sau 12 zuwa 20 a minti. Ya ƙirga nawa, 22. Ya ce in ja iska ta hanci ina ƙirga huɗu, in sake ta a hankali ina ƙirga shida, minti biyar da safe, minti biyar kafin kwanciya, in rubuta abin da na gani in kawo masa bayan sati shida. Ya jaddada kada in jira sai abin ya taso. “Ba a fafe gora ranar tafiya,” in ji shi.

Talata, 14 ga Janairu

Na yi kuskure tun ranar farko. Na ɗauka da aka ce numfashi mai zurfi, ana nufin in cika ƙirji har ya kusa fashewa. Bayan asuba na zauna kan buzu ina zuƙa da ƙarfi, ina fesarwa da ƙarfi. Ban kai minti biyu ba jiri ya ɗebe ni, leɓɓana da yatsuna suka yi kamar kiyashi na bin su. Na ce to ga shi ya dawo ina ido biyu.

Na kira ɗiyar ƙanwata da ke karatun likita a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo. Ta ce, “Kawu, ai abin da tsoro ke sa mutum ya yi, shi ka yi da kanka.” Jiki na ɗaukar oksijin ya fitar da iskar kabon. Muna yi wa ta biyun kallon shara, amma jini na buƙatar wani gwargwado nata. In mutum ya yi ta haki sai ya zubar da ita fiye da kima, jijiyoyin jinin da ke kai wa ƙwaƙwalwa su tsuke, daga nan jiri da kiyashin yatsu. Mai fargaba kuwa da ya ji jiri sai ya ƙara tsorata, ya ƙara haki. Na tuna daren nan yadda na buɗe baki ina neman iska, ina ji kamar ba ta isa, ashe yawa ta yi.

Ta ce ba yawan iska ake nema ba, jinkiri ake nema. In ja kaɗan, shiru, yadda na kusa da ni ba zai ji ba. Da dare na gwada haka. Babu jiri.

Juma'a, 17 ga Janairu

Ranar kasuwa. Na safe na yi, na dare barci ya kwashe ni. Shida wajen saki ta yi mini tsawo, a huɗu iska ke ƙarewa. Na koma uku da biyar tukuna.

Laraba, 22 ga Janairu

Yau jariri ya koya mini. Autanmu na barci a tabarma da rana, na tsaya ina kallonsa. Ƙirjinsa kusan ba ya motsi, tumbinsa ne ke hawa yana sauka. Na ɗora hannu ɗaya a ƙirjina, ɗaya a cibiya, sai na ga ni akasin haka nake: kafaɗu ke ɗagawa, ciki a ɗaure. Shekara 19 a duƙe kan keke, ga tazuge a ɗaure tamau, ina ciki zai sami wurin motsi?

Duk wanda ya taɓa feɗe ragon layya ya san faifan naman nan da ya raba huhu da zuciya a sama, hanta da tumbi a ƙasa. Mutum ma yana da shi, kuma shi ne babban mai aikin numfashi. In ya tsuke sai ya sauko, huhu ya buɗe, kayan ciki su turo gaba. In ya saki sai ya koma sama kamar ƙwarya a kife, iska ta fita. Zuga-zugin maƙera ne Allah ya sa mana a jiki. Wanda hankalinsa ke tashe yakan bar shi ya koma ja da naman wuya da kafaɗa. Shi ya sa nake tashi daga aiki wuyana a sandare, ina ɗora laifin a kan keke kawai.

Na sassauta tazuge, na kwanta rigingine, na ɗora kayen awo a cibiya ina kallon yana hawa yana sauka. A kwance abin na zuwa da sauƙi. A zaune sai na yi ta tuna wa kaina.

Lahadi, 26 ga Janairu

Ɗiyar ƙanwata ta zo gaishe da Inna, ta tarar da ni a zaure. Ta ɗora mini yatsuna biyu na dama a wuyan hannun hagu, ƙarƙashin babban yatsa, har na ji bugun. “To Kawu, ja a hankali, ka saurara da yatsunka.” Na ja. “Saki.” Na saki. Sai a karo na huɗu na kama abin: in ina ja bugun na ɗan yin sauri, in ina saki sai ya ja baya, kamar ɗan kabu-kabu da ya sassauta hannu ya kusa kwana. Tsigar jikina ta tashi. Shekara 43 zuciyar nan na wannan aiki a ƙirjina ban taɓa sani ba.

Ta ce wani masani Bajamushe, Carl Ludwig, ya rubuta wannan tun 1847, a jikin kare ya auna. Mai yin aikin wata jijiya ce, ta goma cikin tagwayen jijiyoyi 12 da ke fitowa kai tsaye daga ƙwaƙwalwa. Tana sauka ta wuya, ta ba zuciya reshe, ta ba huhu reshe, ta wuce har hanji. Saboda yawan zagayenta aka sa mata suna da Latin mai ma'anar “mai yawo”, ni ma haka zan riƙa kiran ta. Ita ce birkin zuciya. A 1921 Otto Loewi, a birnin Graz na Ostiriya, ya ajiye zukatan kwaɗi biyu da ruwan gishiri. Ya tsokani jijiya mai yawo ta ɗaya har bugunta ya ragu, ya ɗebi ruwanta ya zuba wa ɗayar, ita ma sai ta rage gudu. Da haka aka gane wani sinadari jijiyar ke saki. Ya sami kyautar Nobel a 1936.

A ɗaya gefen akwai totur. In mutum ya ga maciji, wasu ƴan halittu biyu da ke zaune kamar hula a kan ƙoda sai su zuba adiranalin cikin jini: zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya gajarta, jini ya bar fata da hanji ya tafi manyan tsokoki, don a gudu ko a yi faɗa. Shi ya sa hannuna ya yi sanyi a daren nan. Rahama ce ga wanda ya haɗu da maciji. Sai dai jiki ba ya bambanta maciji da lambar mai bin bashi a kan waya. Maciji yakan wuce cikin minti ɗaya, bashi kuwa da shi ake kwana ake tashi.

Na ce to me ya sa numfashi? Ta ce ba mai iya ce wa zuciyarsa ta rage gudu ta ji, ba mai iya umartar hanjinsa. Numfashi ne ke tafiya da kansa ko kana barci, amma in ka so sai ka karɓi linzaminsa. Duk lokacin da ka tsawaita saki, ka ba birki dama ya kama. Wannan magana ta zauna mini.

Alhamis, 30 ga Janairu

Hazo ya rufe gari kwana uku. Hancina ya toshe, na koma ja ta baki, maƙogwaro ya bushe ina tari. Na yi sirace da ruwan zafi, na shafa man kaɗanya irin yadda Inna ke yi mana muna yara. Na dawo huɗu da shida.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Agogon waya yana ɓata mini abin. Ina duba minti sai saƙo ya shigo, hankali ya bi shi. Jiya na yi lissafi: huɗu da shida daƙiƙa goma ke nan, numfashi shida a minti. Ƙaramin carbina ƙwaya 33 ne. In kowace ƙwaya ta ɗauki numfashi ɗaya, zagaye guda minti biyar da rabi. Na kashe waya na riƙe carbi. Yatsa ya san hanyarsa, ba sai na buɗe ido ba.

Da na gaya wa ɗiyar ƙanwata, sai ta ba ni labarin da ya kwana yana mini yawo a kai. A 2001 wani likita ɗan Italiya, Luciano Bernardi, da abokan aikinsa sun auna mutum 23 suna karanta addu'ar carbi ta Kiristocin Katolika da Latin, da kuma wuridin masu yoga. Duka biyun sun saukar da numfashin mutanen zuwa kusan shida a minti, kuma a wannan gudun bugun zuciya da hawa da saukar jini suka shiga takun juna.

Na kai maganar gun Malamin da nake ɗaukar karatu a wajensa bayan magariba, don ina tsoron cakuɗa ibada da abin da ba ita ba. Na ce, “Allah gafarta Malam, carbin da nake tasbihi da shi, ya halatta in ƙirga numfashi da shi?” Ya ce carbi abin ƙirga ne, niyya ita ke raba aiki da aiki. Zikiri don Allah ake yin sa, ba don saukar da tansiyo ba, kada in juya wannan. Amma ya tuna mini cewa nitsuwa a ruku'u da sujada farilla ce a mazhabarmu ta Malikiyya, sai gaɓoɓi sun zauna kafin a ɗago. Ya ce in duba yadda nake azahar ranar da aiki ya yi yawa. Na sunkuyar da kai, don na san yadda nake yin ta.

Tsarina yanzu: in idar da sallah da zikirina cikakke, sannan zagaye ɗaya na numfashi daban.

Litinin, 17 ga Fabrairu

Yau aka gwada ni.

Wani Alhaji ya kawo farar shadda mai tsada, babbar riga da ƴar ciki da wando, ɗaurin auren ɗiyarsa ranar Asabar. Kwana shida na yi a kan aikin wuyan. Da hantsi kuran ya ɗauke, na ce wa ƙaramin yaron shago, ɗan shekara 15, ya hura gawayi ya goge da dutsen guga. Ina yanka wani yadi sai na ji ƙauri. Garwashi ɗaya ya faɗo ta ramin dutsen ya huda gaban rigar, rami kamar ƙwayar gyaɗa, gefensa baƙi, ƙasan aljihu kaɗan.

Na san abin da na saba yi. Bara na jefi wani yaro da katakon awo a kan abin da bai kai wannan ba. Yaron bai sake dawowa ba, kuma har yau in na gamu da mahaifinsa a masallacin Juma'a kunya nake ji. Na ji abin yana tasowa: kunnuwa suka yi zafi, haƙora suka cije, almakashi na rawa a hannuna. Yaron ya manne da bango ya ɗaga hannu ya kare fuskarsa tun ban motsa ba. Wannan hannun da ya ɗaga ya fi ƙunar rigar ƙona ni.

Na ajiye almakashi. Na zauna a benci, don Annabi (SAW) ya umarci mai fushi in yana tsaye ya zauna. Na sa hannu a aljihu na kama carbi. Numfashin farko ya fito a karye, na biyu ma haka. Wajen ƙwaya ta bakwai kafaɗuna suka sauko. Shagon ya yi tsit, ba ka jin komai sai kabu-kabu a titi. Wajen ta goma sha biyu idona ya koma kan rigar, na fara ganin ta da idon tela. Ramin yana daidai inda za a iya tsawaita aska ɗaya ta aikin aljihu ta sauko ta rufe shi.

Da la'asar na je gidan Alhajin da rigar a hannu, na nuna masa ramin tun ban taɓa shi ba. Na ce, “Alhaji, a shagona aka yi, laifina ne. Ko in biya shadda, ko ka yarda in rufe da aiki, kuɗin ɗinki kuma na yafe.” Ya ɓata rai ƙwarai, ya faɗi maganganu, na saurara ina sakin iska a hankali ta hanci. Daga ƙarshe ya ce in rufe ya gani. Zan yi asarar jika 25 da barcin dare biyu. Yaron yana nan.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ranar Litinin da na dawo, na tarar da yaron a bayan shago ya sha kuka yana shessheƙa: ja biyu a jere, babba da ƙarami a kansa, sannan dogon saki. Duk uwa ta san wannan, in yaro ya fara shi to kuka ya zo ƙarshe. Ɗiyar ƙanwata ta ce ajiyar zuciya ke nan, kuma kowa na yin ta kamar sau ɗaya a minti biyar bai sani ba. Huhu cike yake da ƴan jakunkunan iska, ɗaruruwan miliyoyi, wasu sukan manne, ja na biyun ne ke sake buɗe su. A Jami'ar Stanford ta Amurka an gwada yin ta da gangan: mutum fiye da 100 a rukuni huɗu, minti biyar kullum har wata guda, sakamakon ya fito a Janairun 2023. Duk rukunan sun sami sauƙin damuwa, amma masu ajiyar zuciya, wato masu tsawaita saki, su suka fi samun daɗin rai, gudun numfashinsu ma ya ragu.

Kakanninmu da suka sa mata suna ajiyar zuciya sun riga sun faɗi aikinta. Na ƙara ta don lokacin da babu sararin zama: uku a jere, ko a bakin keke. Na koya wa yaran shago. Manyan sun yi ta dariya, ƙaramin bai yi ba.

Talata, 25 ga Fabrairu

Daren jiya ya dawo, kuma numfashi bai hana shi ba. Dole in rubuta wannan kamar yadda na rubuta na ranar shadda.

Mai injin ya kira da yamma, yana son jika 100 kafin azumi. Na zauna a fada na sha shayi har zagaye na uku, na ƙara da goro, na shiga gida wajen sha biyu. Ƙarfe uku na farka zuciya na dukan ƙirji. Na lalubi carbi, na kasa ƙirga ko uku. In na matsa wa kaina sai in ji kamar ana shaƙe ni. Na bar ƙirgar na fita tsakar gida, na yi alwala da ruwan randa, na zauna kan turmi. Bambanci ɗaya da na Janairu: wannan karon na san abin da ke faruwa, na san kiyashin yatsu daga haki yake, na san zai wuce. Na rufe baki na bar hanci kawai. Cikin kamar minti goma ya lafa.

Da safe na koma wajen Majo da kayena, dama sati shida sun cika. Ya karanta duka. Tansiyo ya ɗan sauko, numfashina a zaune 15. Ya ce shayi da goro suna da sinadarin da ke zaburar da zuciya ya kori barci, in tsaya a kofi ɗaya, kuma kafin la'asar. Ya ce kada in ɗora wa numfashi kayan da ba nasa ba. Wanda fargaba ta hana shi fita ko cin abinci, ko ya fara jin rayuwa ta ishe shi, likitan ƙwaƙwalwa yake buƙata, da magana, wani lokacin da magani, kuma ba hauka ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta mutum miliyan 301 ke fama da ciwon fargaba a 2019. Ya ja mini kunne kuma: ciwon ƙirji mai matsewa da ke sauka hannun hagu ko muƙamuƙi, ko suma, ko sarƙewar numfashi ga mai asma, ba na zama ana jan carbi ba ne, asibiti ake nufa nan take. Ɗiyar ƙanwata ma ta tabbatar: an tattara gwaje-gwaje 12 a kan mutum 785 aka buga a 2023, ragin damuwar da aka samu na gaske ne, amma bai wuce matsakaici ba.

Inna ta ji labari ta ce aikin iskoki ne, ta aiko da rubutu. Na sha da bisimilla, addu'ar uwa ba abar mayarwa ba ce. Na kuma gaya mata abin da Majo ya ce, ta saurara.

A hanyar dawowa na bi ta wajen mai injin. Wata shida ina kauce wa layinsu. Na ce masa 100 ba ni da su, ina da 40 yau, sauran bayan Sallah, mu rubuta. Gabana na faɗuwa har na gama magana, amma muryata ba ta yi rawa ba. Ya karɓa.

Laraba, 5 ga Maris

Azumi ya kama. Shayi ya koma kofi ɗaya bayan buɗa baki, kwana biyun farko kaina ya yi ciwo. Na lura in na cika tumbi da kunu da ƙosai faifan naman nan ba ya samun wurin sauka, numfashi sai ya koma ƙirji. Na mayar da zagayen dare bayan asham, lokacin da abinci ya faɗa.

Alhamis, 20 ga Maris

Ɗinkin Sallah ya taru, zafi ya shigo, muna aiki har ƙarfe biyu na dare. Kowace shekara a irin wannan lokaci nakan karɓi duk abin da aka kawo, in yi alkawarin da na san ba zan cika ba, in kwana ina ganin fuskokin da za su zo daren Sallah. Sunan da teloli suka yi a gari na saɓa alkawari daga nan yake fitowa, kuma ni shaida ne ba mugunta ba ce, tsoro ne: in ka ce a'a, baɗi mai kaya ba zai dawo ba. Bana na zauna da kaye na ƙirga abin da keke huɗu da inji ɗaya za su iya kafin 28 ga azumi, na ja layi. Tun ranar Litinin na mayar da mutum tara. Kafin in ce, “Hajiya, ki yi haƙuri, ba zan iya cika miki ba,” sai in saki iska doguwa sau ɗaya, maganar ta fito babu kame-kame. Wata ta yi fushi ta ce ba za ta sake zuwa ba. Na ji zafin maganar har dare.

Yaran sun mai da shi al'ada. In mun dawo daga la'asar, kafin kowa ya taka keke, minti biyu shiru. Ƙaramin ne ke tuna mana.

Juma'a, 4 ga Afrilu

Sallah ta wuce lafiya. Kaya biyu kawai suka kwana, na kai wa masu su da kaina da sassafe kafin a tafi idi. Na ba mai injin jika 120, saura 220.

Na duba kaye daga 13 ga Janairu zuwa jiya, kwana 81. Zagaye biyu cikakku a kwana 52, ɗaya a kwana 20, kwana tara ban yi ko ɗaya ba, yawancinsu a goman ƙarshe na azumi. Farkawar dare da bugun zuciya sau biyu: na daren 24 ga Fabrairu, da wani ƙarami a tsakiyar azumi da ya lafa tun ban sauko daga gado ba. Barci har yanzu bai kai ba, ina farkawa wajen ƙarfe huɗu da lissafi a kai. Shi zan sa a gaba watan nan: waya ta kwana a zaure, shayi ya koma kafin la'asar. Zan koma wajen Majo ranar 6 ga Mayu.

Shekaranjiya da dare uwargida ta zauna kusa da ni a tabarma ina cikin zagaye. Ƙanenta ya bi ta Agadas ya tafi arewa neman kuɗi, wata biyu ba a ji muryarsa ba, kuma na san ba ta barci, tana dai ɓoyewa. Ta ce, “Malam, nuna mini yadda ake yi.” Na ba ta carbin, na ɗora mata hannunta a cibiya, na ce kada ta ja da ƙarfi. A ƙwaya ta biyar hawaye suka zubo mata, ta tsaya. Na ce ta bari sai gobe. Jiya ta kai goma sha ɗaya. Yau bayan masallaci zan biya kasuwa in sayo mata nata carbin.